Gwiwoyin Kawu

Kawu ake ce masa a Hukumar Ruwa, har waɗanda ba su san ma'anar kalmar ba. Dogo ne ya fara kiransa haka, wani ɗan ƙasarsu da ya zo bayansa da shekaru, sauran ma'aikata suka ji suka ɗauka.

Da ƙarfinsa ya zo wannan baƙuwar ƙasa, shi da matarsa da 'ya ɗaya a goye. A lokacin gwamnatin jihar na neman masu gyaran bututu ido rufe, don bututun da ke ƙarƙashin tituna sun tsufa, 'yan gari kuma ba sa son shiga rami. Shi kuwa tun yana saurayi gyaran famfo yake yi a gida. Aka ɗauke shi lebura, aka ba shi hular kwano da takalmin roba. Aka kuma nuna masa yadda matakan aikin suke: lebura, sai mai lasisi, sai mai duba aiki, wanda ke tsayawa a bakin rami ƙafarsa a bushe. Ya yi karatun lasisi a kan teburin cin abinci, 'yarsa na aikin makaranta a ɗaya gefen. Ya faɗi jarrabawar, ya sake, ya ci. Daga nan bai ƙara gaba ba.

Yarinyar ta girma ta zama nas. Dogo, wanda Kawu ya koya wa riƙon sifana, shi ma ya sami lasisi har ya fara furfura. Kawu yana nan cikin rami.

Durƙuso cikin laka da ruwan sanyi ba ya barin mutum haka nan. Da safe sai ya zauna a bakin gado yana murza gwiwoyinsa kafin su yarda su ɗauke shi. Matarsa dai ta sayo kujerar roba ta ajiye inda yake salla. Ya daɗe yana kewaye kujerar kafin ya zauna a kanta. Likita ya gaya masa ya fita daga rami tun ƙafar na da sauran amfani, amma lokacin fanshonsa da saura.

Ana cikin haka mai duba aikinsu ya yi ritaya, aka ce duk mai so ya nema. Dogo ya same shi a bayan motar aiki yana cire takalmi.

"Kawu, na ji ka sa suna. In haka ne ni na janye."

"Janye me? Kai ba ka da iyali? Nemi abinka."

Ranar hutu 'yar ta zo gida musamman. Ta zaunar da shi a teburin nan, ta ture kwanuka gefe.

"Baba, mutanen nan ba su san kawaici ba. Abin da ba ka faɗa da bakinka ba, a wurinsu ba ka yi shi ba. Ka kalle su cikin ido, ka ce ni na yi."

"In zauna gaban mutane da gemuna ina wasa kaina?"

"Ƙyale shi," in ji uwar daga kicin. "Ni tun aurenmu nake jira ya ce miyata ta yi daɗi."

"Ba na cinyewa?"

"Kin ji ko? Yabon ke nan."

'Yar ta gyara zama, ta ɗaure fuska. "To, ni ce shugaba. Malam, don me za mu ba ka wannan aiki?"

"Ai ku kuka fi sani, ranki ya daɗe."

"Baba!"

Suka yi dariya har uwar ta leƙo da ludayi a hannu. Amma 'yar ba ta bar shi ba sai da ya faɗa. Ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana kallon gishirin da ke kan tebur, kamar wanda aka sa ya zagi wani.

Ranar ganawa ya sa kwat ɗin da ya saya don bikin gama karatunta. Ɗakin ƙarami ne, mutum uku a bayan tebur, da tulun ruwa da ba wanda ya taɓa. Suka tambaye shi labarin ranar da babban bututu ya fashe kusa da asibiti. Shi ya fara shiga ramin ran nan, ruwa iya ƙirji, shi ya lalubo makullin bututun ya rufe. Ya buɗe baki. Kalmar "ni" tana nan a kan harshensa, 'yarsa ta ajiye masa ita. Sai ya tuna mahaifinsa, wanda ya gina rabin rijiyoyin garinsu, in an tambaye shi sai ya ce an gina.

Ya sunkuyar da kai.

"Aiki ne na jama'a," ya ce. "Kowa ya yi ƙoƙari. Dogo ma yana wurin. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya gudun wahala."

Matar da ke tsakiya ta ajiye biro. Da alama mai kirki ce. "Kai fa? Kana ganin za ka iya riƙe mutane?"

"Sai dai a gwada. In an ba ni, zan yi abin da ya sawwaƙa."

Ta tsaya tana kallonsa, tana ba shi fili ya ƙara. Shi kuwa ya ɗauka an gama. Ya dafa tebur ya miƙe a hankali, ya yi musu godiya.

A gida 'yar na jira a bakin ƙofa.

"Yaya aka yi?"

"Lafiya lau. Mutanen kirki ne."

"Ka faɗa?"

Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

Dogo aka ba. Da yamma ya zo gidan, ya ƙi hawa kujera, ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Kawu, wallahi cewa suka yi kai ka yabe ni."

"To ƙarya na yi?"

"Na tambaye su kai fa. Suka ce sun ga kamar ba ka son aikin."

Kawu ya dubi gwiwoyinsa. "Haka suka ce?"

"Haka suka ce."

"Kawo wa maigidana shayi," ya ce wa matarsa. Ba wanda ya yi dariya.

Dogo ya yi iya yinsa. Yau ya ba shi tutar tsayar da motoci, gobe ya aike shi sito. Amma mai lasisi na rami ne, haka tsarin yake, hannaye kuma ba su isa ba. Wata safiya Kawu ya gama ɗaure bututu, ya zo tashi, ƙafa ta ƙi. Ya sake gwadawa. Dogo ya sauko da takalminsa mai tsabta, ya sa kafaɗa ya fito da shi, sauran ma'aikata suka kau da kai.

Bai koma ba. Aka sallame shi da ɗan abin da ake ba wanda bai cika lokaci ba. Kujerar robar ta koma gaban taga. In motar Hukumar Ruwa ta wuce yakan bi ta da ido har ta sha kwana.

Kwanakin baya 'yar ta zo, ta shiga kicin wanke hannu. Famfon da ya daɗe yana ɗiga ya daina. Ƙasan wurin wanke-wanken an shimfiɗa tsohon tawul, da shaidar gwiwoyi biyu a kansa.

"Baba, wa ya gyara famfon nan?"

Bai juyo daga taga ba.

"An gyara," ya ce.