Ɗamarar Babur ɗin Likita

Ni baduku ne, ɗan baduku. Karatuna bai wuce na salla ba, sai ɗan rubutun da na koya da girma, don haka mai neman daɗin zance ya nemi wani. Abin da zan faɗi shi ne yadda gardamar babur ta kusa raba ni da sana'ar ubana, da kuma wanda ya jawo mini.

Lokacin da nake magana, babur uku ne kaf cikin Sakkwato, duk na Nasara. Akwai na Baturen mulki da muke ce wa Joji, babur baƙi, sabo, mai sarƙa. Akwai na Baturen da ke sayen fata, mai kwando a gefe inda karensa ke zama kamar wani hakimi. Sai na Likita, wanda ya riga su zuwa. Tsoho ne, jan jikinsa ya koɗe, ba shi da sarƙa, sai wata ɗamarar fata da ke tasowa daga inji ta zagaye ƙafar baya ta ja ta. Babu ɗayanmu da ya taɓa hawan ko guda. Wannan bai hana mu gardama ba. Kullum bayan la'asar, a rumfarmu ta dukawa, da an aje basilla sai a ɗauko zancen wane ne sarkin babura.

Wani mahauci da ke zama wurinmu shi na Baturen fata yake so.

"Abin da ka ɗaukar mutum da kare tare, ai shi ya fi," in ji shi. "Da nawa na, cinya huɗu nika ɗora mai."

Ni kuwa na Likita nake bi, don abin da ke jansa fata ce, ni kuma fata na sani. Mai tsaya wa na Joji shi ne ɗan gwaggona, taubashina. Masinja ne a ofishin Joji, shi ke wanke babur ɗin da safe, saboda haka yake magana kamar tare suka sayo shi. Tun muna yara bawan gidanmu nake ce masa, shi ma haka yake ce mini, ba a taɓa sanin wa ke da gaskiya ba.

"Kai bawan gidanmu, mi kas sani ga babur?" haka yake fara wa. "Na Joji in yat tashi bariki, ana jin shi bakin gulbi. Naka kau tari shikai kamar tsohuwar akuya."

"Akuyar ta riga naku ganin Wurno."

"Da turi tag gane ta!"

A yi dariya, a watse. Har nan wasa ne.

Ran nan kukun Likita ya shigo rumfa da ɗamarar babur ɗin a hannu, ta tsinke biyu. Ya ce sabuwa sai an aiko daga Ikko, Likita kuwa yana da fita ƙauyukan ƙetaren gulbi yin lambar agana. Ya tambayi wa ya fi iya majayin doki a nan. Tsohon rumfarmu, wanda duk muke ce wa Baba, ya nuna ni. Gaskiya ya nuna. Majayi da kamazuru na manyan gari da yawa daga hannun ubana suka fito, daga baya suka dawo nawa.

Kwana huɗu na yi a kanta. Na zaɓi ƙirgin bijimin sa daga gadon baya, na yanka, na haɗa ninki uku, na ɗinke. Ana gobe zan kai, taubashina ya zo ya tsuguna yana juya ta.

"Ka shafa mai?"

"Yanzu za ni shafawa."

A gidanmu ba a fitar da aikin fata a bushe. Majayi ne, kamazuru ne, kube ne, sai an murza masa man shanu ya sha, don kada rana ta fasa shi. Haka ubana ya yi, haka kakana. Ban taɓa tunanin akwai fatar da za a ce kada a shafa mata ba.

"To ka cika shi," in ji shi. "Inji wuta na. In ba ta sha mai ba ƙonewa za ta yi."

Na ce madalla da ɗan'uwa. Na shafa har sau uku, na shanya, na ƙara.

Ranar Jumma'a ce, ranar kasuwa. Da safe Likita ya gangara gulbi lafiya, don gangara ba ta neman ƙarfi. Wajen hantsi ya dawo, daidai lokacin da mutanen ƙauye ke hawowa Ƙofar Kware da jakunan albasa da kifi. Ni da kaina na je na tsaya bakin ƙofa don in ga aikina. Taubashina ma ya zo, ya ce Joji ya aike shi, ban san aiken me ba.

Babur ya kama hawa, ya yi kamar taki ashirin, ya tsaya. Inji na ta kururuwa, ɗamara na ta gudu, ƙafar baya ko motsi. Likita ya ƙara wuta. Hayaƙi ya tashi, sai ƙanshin soyayyen man shanu ya cika wurin. Wata mai tallan fura ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ka tuya nan?" Jakuna suka riƙa wuce shi ɗaya ɗaya.

Nan taubashina ya ɗaga murya yadda har na bayan ganuwa za su ji.

"Jama'a ku zo ku gani! Bawan gidanmu ya yi wa Likita miya!"

Likita ya sauka, ya taɓa ɗamarar, ya dubi yatsunsa, ya dube ni. Bai zage ni ba. Ya cire ta ya yar a ƙasa, ya kama turi. Na sa hannu in taya shi, ya ce in bari.

Bayan kwana biyu kuku ya gaya mini abin da ya rage. Ya ce kowace safiya Likita da busasshen tsumma yake goge ɗamarar, wani lokaci har ya barbaɗa mata garin ƙaro don ta kama. Ya ce taubashina ya sha gani, don gidan Joji da na Likita katanga ɗaya ce. Ya ce ran Alhamis ma ya shigo madafa yana dariya, yana cewa gobe a zo ƙofa a sha kallo. Na tambayi kuku me ya hana shi zuwa ya gaya mini. Ya ce ya ɗauka wasan taubasai ne.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma taubashina ya san rami ne ya ce in ƙara sauri.

Kafin wata ya ƙare sunana ya koma Mai-tuya. Da iyakarsa ke nan da na haƙura. Sai masu dawaki suka fara ɗauke aikinsu. Wani bafade ya aiko aka karɓe majayin da na fara, wai wanda fatarsa ta zame ƙarƙashin ƙarfe, za ta zame ƙarƙashin doki. Maganar banza ce, kowa ya san banza ce, amma ta bi gari. Ni da nake ɗinka wa manya, na koma facin guga da gyaran takalmin 'yan ƙauye. Basillar ubana ce a hannuna ina facin guga. Wanda bai gaji sana'a ba ba zai san abin da nake faɗi ba.

Gardama kuma ba ta mutu ba. Kullum taubashina na zuwa rumfa, kullum sai ya taso da ita. Ni kuma na kafe kan na Likita, yanzu ba don fata ba, don taurin kai.

"Mai-tuya, yau mi anka soya?"

Sai in ci gaba da facina. Ya ɗauka na mutu ne.

Tsohuwar ɗamarar da ta tsinke tana wurina, kuku bai karɓa ba. Na warware ta zare zare. Na ga a bushe take ƙamas. Na ga an fere gefenta biyu ta yi kamar bakin gatari, don ta shige kwarmin ƙarfen ta cije, ni kuwa tawa a miƙe na yanka ta kamar majayi. Ashe ko ba mai, da ƙyar ta kai shi. Wannan ban gaya wa kowa ba sai yau. Na yi guda, ban yarda da ita ba. Na yi ta biyu, na ɗaura a reshe na rataya dutse kwana bakwai don ta gama miƙewa tun a gida. Ta uku ce na yarda da ita. Na rina ta da kuloko, baƙin rinin dukawa, ta fito kamar ta kanti. Na naɗe na aje. Na ce wa kuku ran da wadda aka aiko daga Ikko ta tsinke, ya zo wurina, amma kada kunne na uku ya ji.

Damina biyu na jira.

Kuku ya zo da rani, agana ta ɓulla ƙauyuka, Likita ba shi da halin zama. Ya ce da ƙyar Likita ya yarda, sai da ya shinshina ta. Ban ji haushi ba. Aka ɗaura. Ta hau Ƙofar Kware, ba wanda ya kula, ni ma ban je ba. Ta yi rani guda cur tana zirga-zirga. A cikin ranin nan ne Joji da Likita suka fita tare hanyar Gwadabawa, yashi ya shiga sarƙar na Joji ya ci ta, ta tsinke. Likita ya dawo da la'asar a kan nasa. Na Joji sai washegari ya shigo gari, mutum shida na ɗauke da shi a kan itace.

Rumfa ta taso wa taubashina. Mahauci ya ce a sayar masa da gawar. Shi kuwa bakinsa bai taɓa rasa mafita ba.

"Ku ba ku gane ba. Ba babur ɗin Likita na da kirki ba, ɗamara ta. Sabuwa anka aiko mai daga Ingila. Ku tuna ran da anka sa mai ta gida."

Ya dube ni, aka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina faci. Wallahi ran nan zuciyata fari tas. Na bar shi ya yi ta faɗi, mako uku yana yabon ɗamarar Ingila, kullum yana ƙara mata gishiri. Har ya ce shanun can ba irin namu ba ne, fatarsu da ƙarfe a ciki.

Ranar da nake jira ta zo da kanta. Likita ya shigo unguwarmu duba wani mara lafiya, ya jingine babur a bakin rumfa, kuku na riƙe masa jaka a ƙofar gidan. Mutane suka kewaye. Taubashina na nan. Na aje guga na tashi.

"Bawan gidanmu, nuna mini wagga ɗamara da kaka yabo. Halan in koyi wani abu."

"Kai? Zo ka gani, ko ka mutu da ilimi." Ya tsuguna ya dafa ta. "Dubi yanka. Dubi ɗinki. Duk ƙasar Hausa babu hannun da ka yin wanga. In akwai, a aske mini gemu tsakar kasuwa."

"Ka hwaɗi da ƙarfi, Baba bai ji ba."

Ya maimaita, har da gemun.

Na kamo hannun Baba na kawo shi. Idonsa ya yi rauni lokacin, amma baduku ba da ido kaɗai yake gani ba. Ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya kai ƙarshe, ya dawo. Ya kankare gefe da farce ya kai hanci.

"Kuloko na," ya ce. Ya sake shafawa. "Wanga kau ɗinkin gidanku na, yaro. Ɗauri biyu, tsallake guda. Ubanka kaɗai ka yin shi cikin garin ga."

Mahauci ya ƙwala wa kuku kira ya tambaye shi. Kuku ya ce tun farkon rani ita ce a jiki.

Ban yi dariya ba. Na tsaya kawai ina kallon taubashina a tsugune, hannunsa na kan aikina, ya rasa yadda zai ɗauke shi. Mahauci ya zaro wuƙa yana wasa ta a tafin hannu, yana tambaya ko yanzu za a yi askin ko sai Jumma'a. Yadda aka yi mini a ƙofa, haka aka yi masa a rumfa, sai dai nasa mutanen unguwa ne, waɗanda zai gani kowace safiya. Ba a aske gemun ba. Da an aske da ya huta, don da ya tsiro an manta.

Aiki ya dawo, amma ba duka ba, kuma ba da sauri ba. Waɗanda suka guje ni na san su ɗaya ɗaya. Da suka dawo ban kore su ba, ina da iyali. Sai dai nasu ne ƙarshen layi. Bafaden nan ya aiko da majayi ana saura kwana goma Salla, na karɓa, na gama wa kowa, nasa na ba shi kwana uku bayan an sauko. Ya aiko da faɗa, na ce fata ce ba ta bushe ba.

Gwaggo ta kira ni kan ɗanta. Ta ce wasa ne ya yi tsawo, jini ɗaya muke, in yafe. Na ce mata gaisuwa ba zan hana shi ba, in ya mutu zan ɗauki gawarsa, in na riga shi ya ɗauki tawa. Amma shekara biyu na yi ina facin guga, kuma kullum yana zuwa ya zauna ya kalla. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, har gobe cewa yake wasa ne. To ni ban iya irin wannan wasan ba.

Yanzu shekara ta fi goma. Joji ya tafi, an sallami taubashina daga masinja, ƙafarsa ta fara ciwo. Watan jiya ya aiko matarsa da takalminsa, maɗauri ya cire, aikin da bai fi in sa basilla sau shida ba. Na ce ta gaishe shi, ta gaya masa akwai dukawa a Ƙofar Rini.