Tom Ba Ya Cikin Magada

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da Mama Lottie ta shigo ɗakin karatu na tsakiyar birnin Greensboro ba, farkon shekarun 1980. Lokacin ina karatun digiri na biyu, ina kuma aiki a sashen tsoffin takardu, inda ake karanta wasiyyoyin zamanin mulkin Ingila a na'ura mai haska hoto. Tsohuwa ce baƙar fata daga garin Pleasant Garden. Ranar Asabar danginta za su yi taro, ta kuwa yi musu alkawarin kawo shaidar kakansu na farko, Tom, ɗan da wani mai gona ya haifa da baiwarsa.

Na bugi ƙirji na ce, "Mama, ai an gama." A wurinmu ɗan da ubangida ya haifa da kuyangarsa ɗa ne, yana cin gado, har sarauta yana hawa. Sai na duƙufa a jerin magada. Kwana uku ina murza na'ura har idona ya yi ja, babu Tom babu dalilinsa.

Ran Alhamis shugabar sashenmu, Misis Hale, ta leƙo ta ce, "Sani, me kake nema a cikin magada?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa kamar alƙali. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce a Ingila ɗa uba yake bi, amma a ƙasashen nan da ke ƙarƙashin sarkin Ingila a lokacin an kafa doka cewa ɗa uwa yake bi, ɗan baiwa bawa ne, dukiyar ubangida, fadar kuma ba ta hana ba. "Duba cikin kayan da aka raba."

Kunya ta kama ni, raina kuma ya ɓaci. Kafin la'asar na same su, tsakanin tukwane da shanu: Bess, da ɗanta Tom.

Ran Juma'a na miƙa wa Mama Lottie kwafin, ina ta kame-kame. Ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Tom na zo nema, ka ba ni har da uwarsa! Ba wanda ya san sunanta."

Daga ranar na koyi barin dokar garinmu a bakin ƙofa kafin in taɓa takardun mutane. Ran Asabar na ci kaza a taronsu har na kasa tashi. Da Mama Lottie ta miƙe yin jawabi, da sunan Bess ta fara.