Shuɗin Ganye a Ƙarƙashin Bene

Shekarar da na fara aiki a gidan wata tsohuwa Balarabiya a unguwar Hindawiyya ta Jidda, 'yarta ta dawo daga Turai da wata saiwa a naɗe cikin jarida. Ta ce sunan shukar hosta, ganyenta shuɗi ne mai faɗi, kuma ba ta shiri da rana. Na yi dariya a raina, don ban ga inda za a tsere wa ranar Jidda ba.

Tsohuwar ta miƙo mini, ta ce, "Yalla, ai ke 'yar manoma ce."

Na zaga gidan kaf, sai na sami lungu a ƙarƙashin matakalar bene, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Nan na ajiye tukunyar. Mako uku shiru, har na fara fitar da rai. Wata safiya sai ga tsiro ya leƙo a nannaɗe. Sannu a hankali ya buɗe har ya kai faɗin faifai, launinsa kamar zanen baba da ya sha wanki.

Ƙawata mai sayar da ƙosai a Bab Makka ta zo gani. Ta shafa ganyen, ta shinshina, ta ce, "Yaya, ana miya da shi?"

Na ce, "A'a, kallo kawai ake yi."

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Duk wahalar nan?"

Da zafi ya tsananta, bakin ganyen ya ɗan ƙone. Tsohuwar ba ta damu ba. Ta sa na kai kujeru biyu lungun, kullum bayan la'asar nan muke shan shayi, tana ƙirga sababbin ganyaye da sandarta.