Yumɓun Raƙiya a Wutar Birni

Raƙiya 'yar wan babana ce, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin hannunta fes ba. Ko ranar Sallah ta sa lalle, sai ka hango jan yumɓu a ƙarƙashin farcenta. A wani ƙauye arewa da Takanamat ta tashi, a hannun gwaggonmu Kaltumi, wadda ta koya mata ginin tukunya da faɗa da ranƙwashi. Ni an kawo ni Tawa karatu, na yi aure na zauna. Ita ta zauna gindin yumɓu, har ta zama in an ce randar Raƙiya ce, mai saye ba ya tsayawa ƙwanƙwasawa.

Sai roba ta shigo. Jarka ba ta fashewa in jaki ya yi tuntuɓe, bokiti ba ya da nauyi, amare kuma suka koma son kayan ƙarfe masu ƙyalli. Raƙiya ta riƙa kai kaya kasuwa tana komowa da fiye da rabi. Mijinta ya daɗe a Abijan, aikensa sai jefi-jefi. 'Ya'yanta mata ko taɓa yumɓu ba su yi, wai yana ɓata hannu. Duk lokacin da na je gida sai in tarar da tuluna jere a bayan ɗaki, kaji na ƙwai a cikinsu, ita kuma ta ƙara ramewa. Abin yana cin raina, don ni ba ni da haƙurin kallon gwani yana lalacewa.

Shi ya sa da na ji labarin wata ƙungiyar mata a nan Tawa, ban ko gama wanke-wanke ba na kira ta. Sun gina ɗakin gashi na bulo mai ƙofa da bututun hayaƙi, wanda suke kira fur. Za su koyar da magina na ɗan lokaci, daga ƙarshe su zaɓi kaɗan su riƙe su aiki: tukwanen furanni, kwanukan ado, da cikin murhu mai tsimin itace. Wadda aka zaɓa ta sami sana'a da masu saye. Wadda ba a zaɓa ba, sai ta nemi motar garinsu. Raƙiya ta yi ta noƙewa, wai ta tsufa da lakwal, wato zaman makaranta. Na dame ta da waya har ta gaji ta ce to.

Ta sauka a tasha da ƙunshin tufafi ƙarami da wani buhu da ya sa mai kabu-kabu tsaki.

Na ce, "Yaya, mi kinka ɗauko cikin buhun ga, duwatsu?"

Ta ce, "Yumɓunmu na. Gwaggo da kanta tat tahi bakin rami, da sandarta, ta nuna inda za a haƙa."

"Ai can suna da nasu."

"Nasu na. Ɗiyar gidanmu in ta tahi baƙon wuri, aikinta na fari da ƙasar gida taka yin shi. Haka uwayenmu sunka yi."

Wa ya isa ya ja da Gwaggo Kaltumi, ko tana nesa?

Kwanakin farko sun ba ta wuya. Ita ce babba a cikinsu, 'yan mata na ce mata Inna. Mai koyarwar, Malama Aminata, mace ce mai kirki amma mai sauri, rabin maganarta Faransanci. Raƙiya kan dawo da yamma ta zauna bakin ƙofa, abinci na hucewa a gabanta, tana maimaita abin da ta ji don kada ya gudu. Faifan ginin tukwane da ake juyawa da ƙafa ya jefar mata da yumɓu a zane har sau nawa. Yumɓun wurin ma bai yi mata ba. An jiƙa shi, an tace shi, ya yi laushi kamar ƙullin koko, ita kuwa ta ce ba ya da ƙashi. Malama ta faɗa musu tun farko su yi aiki da na wurin kawai. Raƙiya ta ɗauka iyayi ne irin na birni, yadda muke cin tuwo da cokali.

Da lokacin gwaji ya zo, aka ce kowace ta gina abu guda, ta hanyar da ta fi iyawa. Ranar ne na ga fuskarta ta saki. Ta kwance buhunta a tsakar gidana, ta jiƙa, ta zuba dakakken tsingaro, ta hau takawa da ƙafa kamar yadda take yi tun tana yarinya. Duk dutsen da ya soki tafin ƙafarta sai ta tsince ta yar. Amma akwai wasu 'yan fararen tsakuwoyi ƙanana da ba ta kula su. Na tambaye ta, ta ce ai su ne ƙarfin tukunya, a gida ba mai cire su, kuma wutar kara da kashin shanu ba ta taɓa yi musu komai ba. Ta ɗauki yumɓun a daro ta kai can. Jiƙaƙƙen yumɓu kama yake da ɗan'uwansa, ba wanda ya tambaye ta.

Randa ta gina, da hannu, babba mai dogon wuya, ta yi mata zane a kafaɗa. Da ta bushe aka jera kayan kowa a cikin fur, aka toshe ƙofa. Wannan ya tayar mata da hankali ƙwarai. Ita ta saba ta ga wutarta da ido, ta ƙara kara nan, ta janye can. Yanzu an kulle mata randa a ɗaki, an hana ta leƙawa. Ta wuni tana kewaya wurin tana salati, ni ma a gida na ƙona miya.

Aka buɗe, randa ta fito ja wur, in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙarfe. 'Yan mata suka yi ta guɗa. Malama ta shafa wuyanta ta gyaɗa kai. Aka jera kayan a ƙarƙashin rumfa, sai mako mai zuwa shugabannin ƙungiya su zo su duba su yi zaɓe. Wallahi har na fara tunanin ɗakin da za mu kama mata haya.

Ana cikin jiran nan ruwan farko ya sauka. Gari ya yi sanyi, iska ta yi laima, kowa na murna. Washegari Raƙiya ta je sharar rumfa, ta dawo tun hantsi, ta tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Shamsiya, randar ta hwara zubda fata."

Na ce, "Wace irin fata kuma?"

Ta buɗe hannu. Wani ɗan ɓallin yumɓu ne kamar farce, da farin ɗigo a tsakiyarsa. Ta ce ba wanda ya taɓa randar, da kanta ta tofar da shi.

Na ce mata ƙila guda ne. Kashegari sun ƙaru. Ta juya gefen da ya ɓalle zuwa bango, ɗaya gefen ma ya soma. Ta kwaɓa jar ƙasa ta shafe ramukan, da ta bushe suka fito fiye da da. Na roƙe ta ta gaya wa Malama, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce in ta faɗa ta kori kanta da bakinta, gara ta jira ko abin zai tsaya. Ta daina cin abinci. Ni kuma duk ƙarar da na ji a gida, ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai randar nan ta faɗo mini a rai.

Ranar zaɓe na bi ta. Randar na tsaye a tsakiyar kaya, ta fi kowanne girma, jikinta duk ramuka farare kamar wanda ya tashi daga ƙyanda. Malama Aminata ta durƙusa, ta ƙwaƙulo farin da farce, ta murza, ya zama gari.

"Inna, wane yumɓu na wanga?"

Raƙiya ta ce, "Na gida."

Malama ta yi ajiyar zuciya. Ta ce farin dutsen nan na ƙasarmu, ƙaramar wuta ba ta dafa shi, amma fur ya fi ƙarfinsa. In ya dahu sai ya jira laima, ya sha, ya kumbura, ya fasa abin da ke kansa. "Da kin hwaɗa mani, da mun tace shi tare. Hannunki babu irinai nan wurin. Amma mi za ni nuna musu?"

Ba ta da abin nuna musu. Aka kira sunayen waɗanda aka riƙe, Raƙiya na tsaye ta haɗa hannu a ƙirji tana saurare har aka gama, har aka fara tafi. Daga baya Malama ta jawo ta gefe ta ce in an sake ɗaukar wasu, ita ce ta farko. Sai dai ba ta san yaushe ba, don masu taimaka wa ƙungiyar ba su ce komai a kan baɗi ba.

Na raka ta tasha. Har ta sa ƙafa a mota ta juyo ta ce, "In kin ji sun buɗe, ki kira ni, ko ina bakin rijiya."

Damina ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Duk ranar kasuwa sai na bi ta ƙofar wurin na tambaya, har mai gadi ya daina jira in buɗe baki, daga nesa yake girgiza mini kai. Raƙiya kan kira ni da yammacin ranar. Takan tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maigida, ta tambayi zafin gari. In gaisuwa ta ƙare ba ta kashe waya. Ina jin numfashinta, tana jira in ƙara wata magana, ni kuwa ba ni da ita.