Mai Tuƙa Tuwon 'Yan Gudu

Kogo Tapsabei, ƙanwar babata, ta tsufa tana tuƙa tuwon masara a sansanin 'yan mata masu tseren gudu da ke saman tudun garinmu. Kowa Kogo yake ce mata, wato kaka. Mace ce mai baki, ko koci ba ta raga masa.

Ita ta fara lura karen sansanin ya yi ƙiba har yana tafiya da ƙyar, Chesang kuwa, yarinyar da ta fi kowa sauri, ta koma kamar sillen kara. Ashe an ce wa yarinyar mara nauyi ke yin gaba, shi ya sa take zuba wa kare tuwonta a ɓoye, tana haɗiyar ƙwayoyin kashe yunwa. Ta daina dariya, ta daina shiga cikin 'yan'uwanta.

Kogo ta ritsa ta a bayan madafa. "Jikata, kare ne zai yi miki gudun?"

Chesang ta fashe da kuka. "Kogo, in na ci sai in ji na tsani kaina."

Da Kogo ta ce a kai yarinyar asibiti, koci ya ce a bari sai bayan gasa. Kogo ta ce, "Gawa za ka kai gasar? Allah Ya kiyaye!" Ta yafa mayafi, ta ja yarinyar zuwa wurin likita. Daga nan kullum tare suke cin abinci, loma ɗaya yau, gobe a yi amai, jibi a sake. Wallahi ni da na gaji, ita ko gezau.

To, a wurinmu kindirmon gora, wanda muke kira mursik, sai gwanin da ya dawo da lambar yabo ake tarba da shi. Ranar da Chesang ta share kwanonta tas, sai ga Kogo da gora tana guɗa.

Koci ya ce, "Haba Mama, wace lamba ta kawo?"

Kogo ta ɗaga kwanon sama. "Ga ta nan. Ka taɓa ganin wadda ta fi wannan wuyar samu?"

Chesang ta kafa kai ta sha, nono na zuba a haɓarta, 'yan mata na tafi. Ni kam na yi kuka, kuma har gobe ina alfahari da tsohuwar nan. Kare dai ya koma ramarsa.