Ranar da Kawu Ya Kawo Langa Unguwar Nakkasa

Kawuna ya shekara arba'in yana sayar da turare a unguwar Misfala ta Makka, amma bai taɓa yafe wa ƙwallon ƙafa ba. A wurinsa, ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya ai rashin aikin yi ne. Wasan maza shi ne langa, wadda ya yi tashe da ita a ƙauyensu.

Wata Juma'a bayan la'asar ya tara mu, 'ya'yansa da na ƙannensa, a ƙofar gida a tudun unguwarmu Nakkasa. Dukanmu haihuwar Makka ne, ba wanda ya taɓa ganin langa.

Babban ɗansa ya ce, "Abuya, ina ƙwallon?"

"Babu ƙwallo. Ƙafa ɗaya za ka riƙe ta baya, ka yi tsalle da ɗayar, ka ture abokin karawarka."

Ya naɗe jallabiya, ya kama ƙafa, ya ce mu kalli gwani. Ya manta filin ƙauyensu shimfiɗaɗɗe ne, Nakkasa kuwa gangare. Tsalle uku ya yi, na huɗu ya kai shi ƙofar maƙwabci da targaɗe a idon sawu.

Mako uku yana kwance a falo, mu kuma ba mu fasa kallon ƙwallo a talabijin ba. Da farko bango yake fuskanta. A mako na uku na ji ya daka wa alƙalin wasa tsawa: "Kai makaho ne? Wannan ai fanareti ce!"

Da muka fashe da dariya, sai ya ce ɗan wasan kawai yake tausaya wa, don shi ma ya san zafin faɗuwa.