Na'ura ta hana ni jana'izar yayana

Jama'a, jiya na ga wulaƙanci! Na'ura ce ta kama ni, ba mutum ba.

Yayana Ba Modu ya rasu, na taso daga Bulumkutu zuwa Maisandari don jana'iza. A shingen bincike aka tsayar da kekenmu. Wani jami'i ya haska fuskata da wata faffaɗar waya. Sai ta yi ƙara!

Ya ce, "Baba, sauko. Fuskarka ta yi daidai da wani da muke nema."

Na ce, "Yallaɓai, tsagar Barebari ce! Rabin garin nan suna da ita!"

Ya ce, "Na'ura ba ta ƙarya."

Na ce, "Gawar yayana na jirana!"

Ya ce, "Zauna."

Suka karɓe wayata, suka karanta har saƙonnin matata. Sai bayan la'asar babbansu ya zo. Kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Wanda muke nema yaro ne, wannan ga furfura. Tafi." Ko haƙuri babu! Ga shi an riga an binne yayana.

Yau da safe na bi ta lungu da ƙafa har maƙabarta. Sai da na tambayi mai gadi wanne ne kabarin yayana.